Naman kazan da ke fitowa kusa da gida: wanne ake ci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga wani ƙauye nake kusa da Birnin Kudu. Tun da aka shiga marka naman kaza ya fito mana iri biyu, wani a gindin suri a gona, wani kuma fari mai faɗi kamar lema a ciyawar bayan garke. Surukata ta ce duk wanda akuya ta ci, mutum ma zai ci lafiya. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, amma a nan kam kada a bi ta akuya. Cikinta daban, na ɗan Adam daban. Dafuwa ma ba ta kashe dafin mai kisan, ko da an kwana ana tafasa shi.

Na gindin suri ya fi kama da wanda masana ke kira Termitomyces, wanda gara ke nomawa a cikin gidanta, kuma ana cinsa a ƙasashen Afirka da dama. Ki sa a tono shi a hankali, kada a fizge. Na gaskiyar yana da doguwar saiwa siririya da ta nutse har cikin surin, tsakiyar lemarsa kuma da ɗan tsini. Zama kusa da suri kaɗai ba shaida ba ne, domin wani irin ma yana tsirowa a wurin. Idan ba a samu dattijon da ya shekara yana cin wannan irin ya duba shi da idonsa ba, a bar shi.

Na bayan garken shi ya fi damuna. Akwai wani mai suna Chlorophyllum da ke son ciyawa da taki, fari, da zobe a wuya, gwanin sha'awa. Ki yanke lemar, ki kifa ta a kan farar takarda, ki rufe da kwano ta kwana. Idan da safe kika ga garin da ya zuba kore-kore ne, to shi ne, kuma cikin awa 1 zuwa 3 bayan an ci yake sa amai da gudawa mai tsanani. Farin gari ma ba izinin ci ba ne. Dangin wani mai suna Amanita farin gari suke zubarwa, da 'yar jaka a gindi kamar ɓawon ƙwai, kuma cikinsu akwai masu lalata hanta.

Waɗannan ɗin sai bayan awa 6 zuwa 24 ciwon ke tashi, ya lafa kamar an warke, kwana biyu ko uku idanu su yi rawaya. Saboda haka in yaro ya ci, kada a jira alama, kada a tsaya ba shi madara ko manja. A kai shi babban asibiti nan take, a tafi da ragowar naman kazan a nannaɗe cikin takarda.

Na bayan garken kuwa, a tuge shi tun da sassafe a binne kafin yara su fito wasa.