Tambaya da Amsa: Hi-MD, CD mai MP3 ko iPod mini, wanne zai yi mana aiki a Kaduna?

Assalamu alaikum masu karatu. (An rubuta wannan a shekarar 2004, na'urori, farashi da shawarwarin da ke ciki duk na wancan lokacin ne.) Tun da kamfanin Sony ya sanar da sabuwar na'urarsa ta ɗaukar sauti da saurare mai suna Hi-MD, wato sabon nau'in minidis, a baje kolin kayan lantarki na Las Begas a Amurka cikin watan Janairun 2004, wasiƙu ke ta shigowa filin nan, wasu ta gidan waya wasu ta imel daga kafe, kuma kusan duk a kan abu ɗaya ne, wanne za a saya. Na tsamo huɗu daga ciki, ta farkon ce za ta ci mana wuri don ita ce ta fi taɓa ni.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Duk azumi ni ne nake ɗaukar tafsirin malaminmu a masallacin unguwa da rikoda mai kaset, to matsalar kaset yana ƙarewa ana tsakiyar bayani kafin in juya shi an wuce ni, ga na shekarun baya sun fara shaƙewa wasu ma rikoda ta tauna su. Yayana yana Amurka zai zo gida kafin azumi ya ce in faɗi abin da zai taho min da shi. Wani ya ce minidis wani ya ce a'a in jira sabon Hi-MD. Dan Allah a wayar min da kai. Daga wani mai karatu a Tudun Wada.

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya saka maka da alheri, wannan aikin da kake yi ba ƙarami ba ne, malamai nawa ne suka rasu ba mu da muryarsu sai a kaset ɗin da ya riga ya lalace. Amsarka a taƙaice Hi-MD, amma ba kowanne ba, don haka ka karanta har ƙasa kafin ka kira yayan naka.

Shi minidis ba sabon abu ba ne, tun 1992 Sony ta fito da shi, a nan ne dai bai yi kasuwa ba sai wajen ma'aikatan rediyo da 'yan situdiyo. Faifai ne ɗan ƙarami a cikin gidan roba mai faɗin kamar santimita 7, yana da 'yar ƙofa da ba ta buɗewa sai ya shiga cikin na'ura, kaga ke nan ba ruwansa da yatsa ko karcewa, ƙurar hunturun nan tamu ma ba ta samunsa da sauƙi. Yadda yake ɗauka kuwa, hasken leza ne ke ɗumama ɗigon wuri a jikin faifan, wani kan maganaɗisu ta ɗaya gefen ya rubuta a wurin, in ya huce rubutun ya zauna daram. Kamar allon makaranta yake, ka rubuta ka wanke ka sake rubutawa, kuma babu abin da ke gogar faifan lokacin saurare balle ya cinye shi yadda kan rikoda ke cin kaset.

Tsohon faifan minti 80 yake ɗauka, a shekarar 2000 aka ƙaro tsarin matse sauti na LP2 da LP4 ya zama faifai ɗaya na iya kaiwa minti 160 ko 320. Sai Net MD ya zo a 2001 da wayar USB, mutane suka yi ta murna, ashe hanyar ɗaya ce, kana iya tura waƙa daga kwamfuta zuwa faifai amma abin da ka ɗauka da makirufo ba ya komawa kwamfuta ta wayar. Wannan ne ya daɗe yana ci wa masu ɗaukar murya tuwo a ƙwarya, kuma shi ne babban abin da Hi-MD ya zo gyarawa, Sony ta ce abin da ka naɗa da makirufo yanzu zai hau kwamfuta ta USB.

Sabon faifan gigabait 1 ne. In ka sa shi a Hi-LP, tsarin da ya fi matse sauti, yana ɗaukar wajen awa 34, a Hi-SP mai ƙarancin matsewa kusan awa 8, in kuma PCM ne wato sauti tsantsa irin na CD ba tare da an matse shi ba to minti 94 kawai. Yi lissafi da kanka, in malam na zama awa biyu kullum, azumi gaba ɗaya bai wuce awa 60 ba, faifai biyu sun ɗauke shi a Hi-LP, alhali da kaset mai minti 90 sai ka tanadi guda 40 kana juyawa duk bayan minti 45. Ni dai da ni ne zan fi son Hi-SP saboda jan baƙi, muryar alaramma in ta hau sama tana son fili, matsewa da yawa tana rage mata daɗi, faifai takwas sun ishe ka kuma a 2004 an ce kowanne wajen dala 7 ne a Amurka. Tsofaffin faifan minti 80 ma ana iya sake tsara su a sabuwar na'urar su koma megabait 305, wato kamar awa 2 da minti 20 a Hi-SP.

Yanzu ga inda za ka buɗe ido. Guda huɗu aka sanar a Amurka, farashinsu a 2004 daga dala 200 zuwa 400. Mafi arha MZ-NH600D, to wannan ka ce wa yayanka ko kyauta aka ba shi ba naka ba ne, ba shi da ramin makirufo sam, na masu tura waƙa daga kwamfuta ne kawai, kuma shi ne mutum zai fi saurin ɗauka a shago saboda arha da kuma rubutun Hi-MD da ke jikin kwalin. Mafi tsada MZ-NH1, siriri ne kyakkyawa jikinsa na maganiziyam, yana ɗauka da makirufo, amma batirinsa na musamman ne mai caji, ran da aka yi kwana biyu ba wuta ko batirin ya mutu gaba ɗaya ina za ka samo irinsa a Kasuwar Barci? Saura biyu na tsakiya, MZ-NH900 mai batirin caji wanda kuma ana ɗaura masa ɗan gidan batirin AA a gefe, da MZ-NHF800 da ke cin batirin AA guda ɗaya kai tsaye har da rediyo a jikin rimot ɗinsa. Ɗaya daga cikin biyun nan za ka ce a kawo maka, ni NHF800 na fi karkata gare shi don batirin da kowane mai tireda ke sayarwa ya fi min kwalliyar jiki. Sai dai ka nemi batir mai kyau irin wanda aka rubuta alkaline a jikinsa, ɗauka tana shan batir fiye da saurare.

Maganar batir ɗin nan ba wasa ba ce, ga dalili. Minidis ba ya kammala ajiye abin da ya ɗauka sai ka danna tsayawa, a lokacin ne zai rubuta jadawalin da ke nuna inda komai yake a faifan, za ka ga rubutu yana ƙiftawa a fuskarsa na 'yan daƙiƙu kana jin ɗan motsin injin a tafin hannunka. In batir ya mutu kafin nan, ko ka buɗe murfi, ko wani yaro ya yi tuntuɓe da shi a sahu, karatun ranar na iya tafiya gaba ɗaya. Don haka sabon batir kafin a fara, in an shafa fatiha ka danna tsayawa ka ajiye shi a ƙasa kar ka taɓa sai rubutun ya ɗauke.

Makirufo kuma a sayo mai doguwar waya, irin wanda ake cusawa kai tsaye a jikin na'urar yana kwaso ƙarar injin. In ladan zai yarda ka ja waya daga amfilifayar masallaci zuwa ramin shigar da sauti na na'urar (line in) ya fi komai, ba tari ba kukan yara ba ƙarar fanka. Kuma tunda daga Amurka za a taho da shi a duba cajar, wutarsu 120 ce tamu ta haura 200, in ba a haɗa da abin rage wuta ba fus ɗaya za ta yi. A haɗo da faifai da yawa tun daga can, kar ka dogara da cewa za ka samu na gigabait 1 a Ahmadu Bello Way nan kusa.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce, Zariya nake zuwa duk mako daga tashar Kawo, karatun Alƙur'ani da waƙoƙi nake son ji a hanya ba ɗauka zan yi ba. In tara kuɗi in sayi Hi-MD ɗin? Daga wata mai karatu a Unguwar Rimi.

AMSA: A'a ƙanwata, kar ki wahalar da kanki. Hi-MD na farkon nan ba ya karanta MP3 kai tsaye, sai an bi ta manhajar Sony mai suna SonicStage an juya shi zuwa ATRAC, tsarin sauti na Sony, ke nan sai kina da kwamfutar kanki, mai kafe ba zai bari ki sa masa manhaja a tasa ba. Ki nemi na'urar CD ta hannu wadda aka rubuta MP3 a jikinta. Faifan CD-R ɗaya megabait 700 ne, yana cin wajen awa 12 na MP3 mai matsakaicin kyau, kuma ko'ina a garin nan akwai mai zuba miki a faifai da kuɗi kaɗan. Sony na da jerin D-NE, Panasonic na da nasu, akwai kuma iRiver na Koriya da suke haɗawa da rediyon FM. Abu ɗaya ki gwada a gaban mai shago, ki sa faifai yana cikin yi ki girgiza shi sosai, mai kyau yana karanto sauti gaba ya ajiye a ƙwaƙwalwarsa don haka ba zai sarƙe ba ko bas ta faɗa rami, in ya yi shiru ko ya koma baya ki ajiye masa abinsa. Faifan ki riƙa mayar da shi gidansa, a jaka tsirara tare da makulli kwana kaɗan zai karce.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan jarida ne, na ga Apple ma sun fito da iPod mini a watan da Sony ta yi tata sanarwar, an ce shi ma faifai ne a cikinsa. Wanne ya fi? Daga Barnawa.

AMSA: Gaskiya ne abokin aiki, faifai ne a ciki amma irin hadis ɗin kwamfuta ne (hard disk, ma'ajiyar cikinta) ɗan mitsitsi da ba a cirewa, gigabait 4, dala 249 a 2004, Apple ta ce waƙa dubu yake ci. Wajen saurare abu ne mai kyau wallahi, MP3 yake karɓa ba wani juye-juye. Amma ba ya ɗaukar murya, kai kuwa hira za ka yi da mutane, nan kaɗai magana ta ƙare. Batirinsa ma a rufe yake a ciki, caji ya ƙare kana Birnin Gwari shi ke nan.

In mai hadis kake so dole to ka dubi iRiver iHP-120, gigabait 20, yana ɗauka a MP3 ko WAV kuma kwamfuta na ganinsa kamar kowane wurin ajiya, ka kwafe ka wuce, a wannan fannin ya fi Sony sauƙin kai don a lokacin fitowar Hi-MD abin da ka tura daga shi yana zama ne cikin SonicStage a tsarin Sony, ba fayil ɗin da za ka miƙa wa edita nan take ba. Abin da ke tsorata ni da mai hadis shi ne duk aikinka wuri ɗaya yake, ya faɗi a kan acaba ko a zare maka shi a taron siyasa, hirarrakin shekara sun tafi tare. Minidis kuwa kowace hira da faifanta, ka rubuta suna da kwanan wata ka jefa a durowa, na'ura ta ɓata faifan na gida. Ga kuma yanka da jerawa a jikin na'urar, kana cikin hira ka danna alama a inda mutum ya faɗi maganar da kake so, ka dawo ofis ka tsallaka kai tsaye wurin. Don aikin jarida ni minidis zan ba ka.

TAMBAYA: Malam ina da tsohon minidis na Sharp da faifai sun fi talatin cike da waƙoƙin biki da na ɗauka. In na sayi sabon zan iya kwashe su zuwa kwamfuta? Kuma sabon faifan zai yi a tsohuwar na'urata? Daga wani mai kiɗan biki a Rigasa.

AMSA: Maigida duka biyun a'a. Sabuwar na'urar za ta kunna maka tsofaffin faifanka lafiya lau, amma a na'urorin 2004 turawa ta USB sai abin da aka ɗauka a tsarin Hi-MD. Tsofaffin sai dai ka haɗa waya daga ramin iyafis zuwa kwamfuta ka bar su su yi ta yi, awa ɗaya ta ci awa ɗaya, kuma wannan Sharp ɗinka ma zai yi maka ba sai ka sayi komai ba. Faifan gigabait 1 ba zai yi a tsohuwar ba, haka duk tsohon faifan da ka mayar Hi-MD. Kuma dan Allah ka kula, mayarwar tana goge duk abin da ke ciki, don haka faifan bikin nan ka tura 'yar maɓallin kariya da ke gefen kowannensu tun yau kafin sabuwar na'ura ta shigo gidan.