Tambaya da Amsa: Ruwa na taruwa a motata mai rufin naɗewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah ina da BMW Z4 ƙirar 2005 'yar Kwatano, irin mai rufin tamfol ɗin nan da ake naɗewa baya. Tunda damina ta kankama duk randa aka yi ruwa sai in tarar da kafet ya jiƙe sharkaf ta bayan kujera, motar tana wari, in na taka birki kuma ina jin ruwa na kai-kawo a bayana. Yanzu ma rufin ya fara nauyi wajen buɗewa. Na duba tamfol ɗin tsaf babu huji ko ɗaya. Bakanikena ya ce a bi gefe-gefen da gam a liƙe, in bai yi ba a canza rufin gaba ɗaya. Meye shawara? Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar gam ɗin nan dai a ajiye ta, kuɗin sabon rufi ma riƙe abinka tukuna, don yadda ka kwatanta ɗin nan ba rufi ba ne matsalar, magudana ce ta toshe.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba, su masu ƙera irin wannan motar tun farko sun san dole ruwa ya sulale ta inda tamfol ya haɗu da bodi, shi ya sa suka yi masa hanya. Ruwan yana gangarowa ya faɗa wani kwarmi a cikin ramin da rufin ke kwanciya in an naɗe shi, daga nan ya bi ɗan rami a kusurwar hagu da ta dama, ya fita ƙasa ta gaban tayar baya. Kamar indararo ne a soro, in ya toshe ai cikin ɗaki ruwan zai nufa. To ka haɗa ƙurar hunturu ta wata da watanni da busasshen ganyen darbejiya da furensa in a gindinta kake fakin, ruwan farko na sauka sai su zama taɓo, shikenan hanya ta rufe. In ka zo ka liƙe da gam, ruwan da ya samu ya shiga ba inda zai bi ya fita, kaga an ƙara lalata abin kenan.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne nauyin da rufin ya fara. Ita Z4 ta wannan zubin, wato daga 2002 zuwa 2008, an san ta da wannan ciwon. Injin famfon da ke ɗaga rufin a can ƙasa aka binne shi ta ɓangaren hagu bayan kujerar direba, cikin wani akwatin roba, daidai inda ruwa ke taruwa in magudanar ta toshe. Sai ya zauna cikin ruwa yana tsatsa a hankali har wata rana ka danna maɓalli ka ji shiru. Saboda haka daga yau ka daina wasa da maɓallin nan, in ba don aikin da zan kwatanta maka ba, sai an zubar da ruwan an duba famfon. Ba ita kaɗai ba ce ma, Porsche Boxster ta farko na'urar makulli da sikiyoriti a ƙarƙashin kujerar hagu take, ruwa na kaiwa can mota ta ƙi tashi.

Ga yadda za ka yi. A samu ranar da gari ya washe, a ɗaga rufin rabi yadda za ka ga kusurwoyin, ka haska da tocilan ka tsince duk ganye da datti da hannu, ko a zuƙe da injin shara na wajen wankin mota, kar a tura shi ciki. Sannan ka ɗauki gorar ruwa ka zuba kaɗan a kusurwar ka leƙa ƙasa. In ka ga yana zuba shaa ta gaban taya, wannan ɓangaren lafiya lau. In ɗiga yake ko shiru, nan aikin yake.

Ita wannan motar ta ƙasa aka fi samun sauƙinta. A ɗaga ta da jak a sa abin tokare mai kyau, dan Allah kar wani ya shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita, a cire tayar baya a kwance robar da ta lulluɓe cikin ramin bodi inda tayar ke zama, za ka ga bakin magudanar da wata 'yar roba a jiki wadda ke barin ruwa ya fita ta hana ƙura shiga. Yawanci a nan taɓon ke daskarewa. Matsa ta da yatsa ko ka zare ta ka wanke, amma ka kau da fuska don ruwan da zai biyo baya baƙi ne ƙirin ga wari. Bayan haka ka zura abu mai laushi mai lanƙwasa, irin siririn tiyon ƙarin ruwa na asibiti ko igiyar roba mai ɗan kauri, kana juyawa a hankali, ka bi da ruwan ɗumi da ɗan sabulu har ya riƙa fita fari tas. A Ingila da Amurka masu Mazda MX-5, ita ma mai rufin naɗewa ce, burushin wanke trombone suke saye, wani dogon kakaki ne na Turawa, don burushin doguwar waya ce mai lanƙwasa an lulluɓe ta da roba. In ka samu irinsa ya yi.

Abu biyu ne ban yarda da su ba ko da bakanike ya rantse maka. Wayar ƙarfe mai tauri, irin ta hanga ko sifok ɗin keke, tana huda hanyar ko ta yaga robar. Sai iskar mai faci, wallahi wannan ƙarfin iskar yana iya fisge tiyon magudanar daga mahaɗarsa a can cikin bodi inda hannu ba ya kaiwa, daga nan ruwan kai tsaye cikin mota zai riƙa zuba kuma gyaran ya fi na farko tsada.

Kafet kuma kar ka yarda da bushewar sama, akwai soso mai kauri a ƙarƙashinsa da ke riƙe ruwa sati da sati. A cire kan batir, a ɗaga kafet ɗin a matse soson a bar motar a buɗe a rana, mai wayarin ya duba soket-soket ɗin da ke wurin ko sun fara kore. In injin famfon ya sha ruwa sosai a ciro shi a gwada, kuma tunda an riga an kwance, masu irin motar da yawa cikin but, wato wurin zuba kaya na baya, suke mayar da shi inda ruwa ba ya kaiwa, ni ma abin da zan ba ka shawara kenan in ka samu wanda ya iya aikin haidirolik, wato irin wannan famfon mai aiki da matsin mai.

Nan gaba ka riƙa wannan gwajin na gorar ruwa a ƙarshen hunturu kafin ruwan farko, ka sake a tsakiyar damina wajen Agusta, fakin kuma a nemi rumfa a bar gindin bishiya.