Tambaya da Amsa: Bashin Gina Titi da Ƙa'idar Kafa Sola

Tambaya ta farko ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Kano. Ya ce yakan ji a rediyo cewa gwamnati za ta ci bashi domin gyara titunan cikin gari, kuma yana so ya san wa ke da ikon cin irin wannan bashin, daga ina ake biyansa, kuma ko akwai hanyar da za a bi ba tare da kuɗin ruwa ba.

Alhaji, a Najeriya birni ba shi da gwamnati tasa ta kansa wadda za ta je kasuwa neman rance. Birnin Kano, alal misali, ya rarrabu tsakanin ƙananan hukumomi da dama daga cikin 44 na jihar, don haka manyan titunan cikin gari gwamnatin jiha ce ke ɗaukar nauyinsu, ita ce kuma ke cin bashin. Gaskiya ne Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, amma kuɗin da ke shigo wa yawancinsu bai kai su ɗauki nauyin babban aikin kwalta ba.

Jiha kan samu rance ta hanyoyi uku: daga bankunan kasuwanci, ko ta sayar da takardun lamuni ga masu zuba jari, ko daga cibiyoyin waje irin su Bankin Duniya da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi. Sai majalisar dokokin jiha ta amince kafin a sa hannu. Idan takardun lamuni ne, sai an yi musu rajista a hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta ƙasa. Idan kuwa bashin na waje ne, jiha ba ta da ikon karɓo shi ita kaɗai, domin tsarin mulki ya bar wannan a hannun gwamnatin tarayya. Ita ce ke tsaya wa jihar, Ofishin Kula da Basussuka, wato DMO, ya duba, Majalisar Tarayya kuma ta amince. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta shimfiɗa ƙa'idar cewa a ci bashi ne kawai domin manyan ayyuka da gina ɗan Adam, kuma jihohi da yawa sun kafa tasu dokar a kan wannan tafarkin.

Wajen biya ne ya kamata ka fi zuba ido. Sau da yawa gwamnati kan rubuta umarnin da ba a warwarewa, cewa a riƙa cire kuɗin bashin daga kason jihar na asusun tarayya tun kafin ya iso hannunta. Wannan yana kwantar wa mai ba da rance hankali, amma ma'anarsa ita ce albashin malamin firamare da maganin asibiti sai sun jira abin da ya rage, kuma gwamnan da zai gaji kujerar shi ma haka zai tarar. Bashin dala yana da nasa haɗarin. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura 1,500, wato nauyin bashin a naira ya ninka fiye da sau uku alhali ba a ƙara ko taku ɗaya na kwalta ba.

Game da kuɗin ruwa, akwai sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci da babu kuɗin ruwa a cikinsu. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da na farko na naira biliyan 100 na tsawon shekara 7, aka raba shi kan tituna 25 a shiyyoyi shida na ƙasar, ciki har da sassan hanyar Kano zuwa Maiduguri da hanyar da ta zagaye Kaduna ta gabas. Tun kafin nan jihar Osun ta fitar da nata a 2013 domin gina makarantu. A wannan tsarin masu zuba kuɗi su ke mallakar rabo a cikin aikin, gwamnati kuma ta riƙa biyansu haya har wa'adi ya cika ta fanshe. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne an ɗaure kuɗin da takamaiman titi, ba a zuba shi cikin babban asusu inda zai narke ba, kuma ana biyan ɗan kwangila ne bayan an auna aikin da ya yi. Duk da haka sukuk ma nauyi ne da sai an sauke shi daga aljihun jama'a.

Ni ban ga laifin cin bashi don titi ba, matuƙar titin zai fi bashin daɗewa. Abin da ke ci mini rai shi ne a shimfiɗa kwalta ba magudanar ruwa, damina biyu ta ɓare ta, sauran shekarun kuma ana ta biya. Idan wakilinka na majalisa ya zo unguwa, ka tambaye shi sunayen titunan da aka lissafa, shekarun biya, da ko an ware kuɗin yashe kwalbatoci.

Tambaya ta biyu daga wata mai shagon ɗinki ce a Zariya, wadda ke haya, take kuma son kafa sola a kan rufin shago saboda tsadar fetur. Tana tambaya ko sai ta nemi izini daga hukuma.

Hajiya, ƙaramar sola ta gida ko ta shago ba ta buƙatar lasisi daga hukumar kula da wutar lantarki ta NERC. Dokar ta fara neman izini ne daga wanda zai samar wa kansa wutar da ta wuce megawat 1, ke kuwa abin da zai ja kekunan ɗinki da fanka da fitila kilowat kaɗan ne. Lamarin yakan canja idan mutum zai ja waya ya sayar wa maƙwabta, domin a nan ƙa'idar ƙananan tashoshi ce ke aiki: wanda bai wuce kilowat 100 ba rajista zai yi, wanda ya haura haka kuma sai da takardar izini. Tun da aka sa hannu kan Dokar Wutar Lantarki ta 2023 jihohi suka samu damar kafa hukumominsu, saboda haka mai niyyar sayar da wuta ya fara bincika abin da jiharsa ta tsara.

Izinin da ya fi shafarki na mai gida ne. Ki sa a rubuta a takarda, da shaidu, cewa farantan sola da batir naki ne za ki cire su ranar tashi, a kuma fayyace wa zai gyara kwano idan hujin ƙusa ya kawo yoyo. Idan aikin zai kai ga kafa rumfar ƙarfe ko taɓa tsarin ginin, to ya shiga hurumin hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, KASUPDA.

Sai batun mai haɗawa. Hukumar NEMSA, mai duba ingancin kayan lantarki da yadda aka haɗa su, ita ce ke ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa, kuma kina da haƙƙin ki ce a nuna miki ita. Ki tabbata ya sa makunnin da ke raba wutarki da ta kamfani, domin idan wutar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ta koma kan layi tana iya kashe ma'aikacin da ya hau turke yana zaton an ɗauke wuta. Ya yi amfani da waya mai kaurin da ya dace da fis tsakanin batir da inbata, ya binne wayar ƙasa saboda tsawa, ya ɗaure farantan sosai don iskar farkon damina. Batirin kuma a ajiye shi inda iska ke ratsawa, nesa da yadi da ƙyallayen da ke taruwa a ƙarƙashin keke.