An rubuta COPD a katin majinyaci, amma ta yaya zan tabbatar haka ne?

Tambaya: Ma'aikaciyar jinya ce ni a wani asibitin unguwa a Ingila. An ba ni jerin majinyatan da kwamfuta ta nuna suna da COPD, wato ciwon toshewar hanyoyin iska na dindindin, aka ce in tantance su. Wasu tun shekaru goma aka rubuta musu ciwon. Daga ina zan fara?

Amsa: 'Yar'uwa, fara da neman lamba ɗaya a katin kowa: sakamakon gwajin sifirometiri, wato busa iska cikin na'urar auna numfashi, da aka yi bayan an ba shi maganin buɗe hanyoyin iska. Ana raba iskar da mutum ya fitar a daƙiƙar farko, FEV1, da jimillar iskar da ya iya fitarwa, FVC. Ƙa'idar NICE ta 2018, wato hukumar da ke tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila, da ta GOLD, wato kwamitin duniya kan COPD, duk sun tsaya kan cewa sai sakamakon ya gaza 0.7 kafin a ce COPD ne. Katin da ba shi da wannan lambar, abin da ke cikinsa zato ne, ko da likita goma sun maimaita shi.

Za ki ga an yi wa mutum laƙabin ciwon ranar da ya zo da tari da ƙirji na ƙara, saboda yana shan taba, ko kuma an kwafo sunan daga takardar sallama ta babban asibiti. Ki sa ido sosai kan waɗanda aka rubuta wa a 2020 da 2021, domin lokacin korona kusan an dakatar da wannan gwajin a asibitocin unguwa.

Idan kin sami lambar, kada ki yarda da ita sai kin buɗe takardar gwajin kin ga zanen da idonki. Nan ne kuskure ya fi yawa. Ana son busawa uku masu kyau, kuma biyu mafi girma kada tazararsu ta wuce mililita 150. Dattijon da ya fara busawa a hankali, kamar mai hura shayi, FEV1 ɗinsa zai faɗi, sai ya fito da toshewar da ba shi da ita. Wanda kuma ya gaji ya tsaya bayan daƙiƙa uku, FVC ɗinsa zai ragu, lissafin ya haura, ciwon da yake da shi ya ɓuya. Duba ko an rubuta cewa an ba shi maganin buɗe hanyoyin iska, salbutamol, maikirogiram 400, wato fesawa huɗu ta kwalbar da ake haɗa wa inhela, aka jira minti 15. Duba kwanan wata ma: gwajin da aka yi cikin mako shida bayan ciwon ƙirji ya tashi ba abin dogaro ba ne. Sakamakon da ya faɗo tsakanin 0.6 da 0.8, GOLD ta ce a sake shi wata rana. Kuma ki tuna wannan iyaka ta 0.7 tana jefa tsofaffi masu lafiya cikin jerin, domin huhu yana rage ƙarfi da shekaru.

Sai tarihi. Shin ya haura shekara 35? Taba nawa ya sha? Kwali ɗaya mai kara 20 kullum na tsawon shekara shi ne ma'auni ɗaya. Wanda bai taɓa sha ba, a tambaye shi aikinsa da inda ya taso. Matar da ta shekara talatin tana girki da itace a madafi mara taga, irin na gidajenmu, tana iya kamuwa ba tare da ta taɓa riƙe kara ba, kuma wanda ya yi tarin fuka a da, tabon huhunsa kan ba da irin wannan sakamakon.

Abin da ya fi damuna shi ne mai asma da aka yi wa laƙabin COPD. Idan FEV1 ya ƙaru da fiye da mililita 400 bayan magani, ko numfashinsa yana canzawa daga rana zuwa rana, ko yana farkawa da dare ƙirji a ɗaure tun yana yaro, a sake tunani. Mai asma da aka bari kan maganin buɗe hanya mai dogon aiki shi kaɗai, babu sitiroyid na shaƙa, yana cikin haɗari. Shi kuma wanda gazawar zuciya ke sa shi haki, zai yi ta shaƙar inhela ƙafafunsa na kumbura. Saboda haka ki tabbatar akwai hoton ƙirji, da gwajin ƙwayoyin jini, da awon nauyi da tsayi.

Ki ware waɗanda shaidarsu ba ta cika ba a kira su gwaji, amma ban da wanda bai daɗe da bugun zuciya ko tiyatar ido ba, ko mai tarin jini. Kada ki goge sunan ciwon ko ki tsayar da maganin kowa da kanki. Rubuta abin da kika gani da abin da ya ɓace, ki kai wa likita, a kira majinyacin a yi masa bayani kafin a taɓa katinsa.