Amsa ga 'yar'uwar da aka kama ƙaninta kan batun waya

'Yar'uwa, sannu da wannan jarrabawa, Allah Ya kawo mafita. Kin ce ƙaninki ɗan shekara 15 ne, an kama shi a Taminus, yankin kasuwa da ke tsakiyar Jos, bisa zargin satar waya, yau kwana biyu yana caji ofis, kina tambaya ta ina za ki fara. Na daɗe ina aikin walwalar yara a nan Jos, don haka bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Kafin lauya, kafin neman wani babba ya sa baki, ki nemo takardar haihuwarsa. Idan babu ta Hukumar Ƙidaya, katin rigakafinsa na asibiti ko takardar firamare za su taimaka. Shekarun da aka rubuta a fayil ranar farko su ke bin yaro har kotu. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Filato ta yi irinta a 2005, ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Ba a haɗa shi ɗaki da manya, kuma shari'arsa ba a bainar jama'a ake yinta ba.

Ba zan manta da wani yaro ba, dogo ne, har gashin baki ya fara fito masa, aka rubuta masa 19 alhali 16 yake. Kafin kakarsa ta lalubo katin asibitinsa a ƙasan adaka, cikin wata tsohuwar leda, ya yi wata uku tare da manyan masu laifi. Ranar da muka fito da shi ko ido bai iya haɗawa da ita ba, hannunsa na ta rawa a kan kofin shayi. Abin da ya koyo a can ya fi wanda ya kai shi muni. Har yau abin na ci mini rai.

Kada a ɗauki bayaninsa sai da babba daga gidanku a wurin, kuma kada ya sa hannu a abin da ba a karanta masa ba. Beli kyauta ne a doka, ko da za ki ji ana ta kewaye-kewaye. Idan babu kuɗin lauya, ki je Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

Sannan ki je ofishin walwalar jama'a ki nemi a haɗa ku da jami'i. Rahoton da muke rubutawa kan gidan yaro, makarantarsa da wanda zai tsaya masa, alƙali na dubawa sosai. Ƙaramin laifi irin wannan, musamman in na farko ne, doka ta ba da damar a sasanta ba tare da an kai ga shari'a ba: a mayar da waya ko a biya, a ba mai ita haƙuri, yaro ya koma gida ƙarƙashin kulawa. Ni dai wannan hanyar nake fifitawa a kan kai yaro gidan gyaran hali na Kaduna.

Ki je masa da abinci da rigar sanyi yau ɗin nan, kin san sanyin Jos da dare a kan siminti. Faɗa kuma ki ajiye shi sai ya dawo gida, yanzu so yake ya ga fuskar wani nasa.