Amsa kan babban janaretan gas: yadda yake aiki da yadda ake masa sabis lafiya

Wa'alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka. Ka ce an damƙa maka kula da janareta mai 100 kVA a wani gidan burodi da ke Kakuri, kana son sanin yadda injin yake aiki, da irin sabis ɗin da za ka iya yi da hannunka, da kuma dalilin da ya sa tun shigowar zafi yake baƙin hayaƙi yana kashe kansa da rana tsaka. Bayanin zai yi ɗan tsawo, ka yi haƙuri, domin maganar ta shafi dukiyar mutane, ta kuma shafi ranka.

Kafin a zo batun sifana, ka riƙe wannan da kyau: janaretan da yake kan Auto, ko ka gan shi shiru, ba a kashe yake ba. Jiran ɗaukewar wutar NEPA kawai yake yi, kuma da ta ɗauke, cikin 'yan daƙiƙoƙi zai tashi da kansa, ko da hannunka yana tsakanin fanka da fanbel. Saboda haka duk lokacin da za ka buɗe ƙofarsa don aiki, ka mayar da allon sarrafawa kan Stop, ka danna jan maɓallin gaggawa, ka kashe babbar birekar da ke fitar da wuta, ka kashe cajar batir, sannan ka kwance kan batir na nagetif. Nagetif ake fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa, domin idan ka fara da fozitif kuma sifana ta taɓa jikin inji, tartsatsin da zai tashi yana iya fasa batir ya watsa maka ruwansa a fuska. Ka rataya takarda a kan allon cewa ana aiki, makullin kuma ya zauna a aljihunka. Babbar riga, hannun riga mai lilo, zobe da agogon ƙarfe duk a ajiye su gefe.

Shi injin gas, wato dizal, ba shi da fulogi irin na mai shan fetur. Fistin yana sauka ya zuƙi iska zalla, ya dawo sama ya matse ta har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 16 ko 17 na girmanta, kuma wannan matsewar ce take sa zafinta ya wuce digiri 500. A daidai lokacin nozul yake feso gas kamar hazo, gas ɗin ya kama da wuta da kansa, ya tura fistin ƙasa da ƙarfi, sannan fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi. Hayaƙin kafin ya fita ta salansa yana juya turbo, shi kuma turbo ya cusa ƙarin iska cikin inji. Karanshaf yana haɗe da babban kwayil na baya mai samar da wuta. Tunda wutarmu a Najeriya 50 Hz ce, dole injin ya tsaya a juyi 1500 a minti ɗaya, ko lodi ya ƙaru ko ya ragu. Na'urar da makanikai ke kira gwamna ita ke ƙara gas ko ta rage don riƙe wannan gudun, AVR kuma shi ke riƙe ƙarfin wutar wajen bolt 400 zuwa 415 tsakanin layi da layi.

Akwai abin da ke ruɗar mutane a nan. Idan inji ya kasa jan lodi gudunsa ya faɗi, AVR da kansa yake sauke bolt don kare kwayil. Sai mutum ya ga wuta ta yi ƙasa ya kama murɗa AVR, alhali matsalar tana wajen filtar gas ko iska. Idan wuta ta faɗi, ka fara duba Hz. In ta sauka ƙasa da 50 sosai, ka ƙyale AVR, ciwon yana jikin inji.

Sai batun lodi. Janareta mai 100 kVA abin da yake iya bayarwa kilowat 80 ne, wato wajen amfiya 140 a kowane layi cikin layuka ukun. Idan an cika shi yana shan gas kusan lita 22 a awa. Inda ya fi jin daɗi shi ne tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari. Ka duba amfiyar layukan uku a allo lokacin da injinan kwaɓa fulawa suke aiki gaba ɗaya. Sau da yawa za ka tarar an jibga fitilu, firji da na'urar sanyaya ɗaki duk a kan layi guda, shi yana neman wuce iyaka sauran biyun suna hutu. Ƙarancin lodi ma cuta ne. Injin da yake kwana yana aiki ƙasa da kashi 30 ba ya yin zafin da zai ƙone gas duka, sai ka ga wani baƙin ruwa mai danƙo yana tsiyaya ta mahaɗar salansa, ringi yana daskarewa da ƙwanso. Maganinsa a ɗora masa lodi mai nauyi na awa ɗaya ko biyu ya ƙone dattin.

To mu zo kan matsalarka. Allon sarrafawa, ko Deep Sea ne ko waninsa, ba ya kashe inji haka kawai, yana rubuta dalili kuma yana ajiye shi. Ka karanta abin da ya rubuta kafin ka goge. Bisa yadda ka kwatanta, baƙin hayaƙi da mutuwa da rana a watan Maris ko Afrilu, na fi kyautata zaton zafi ne da ƙarancin iska. Hunturu ya gama zuba ƙurarsa tun daga Nuwamba, ga garin fulawa da ke yawo a wurinku, ga turirin baƙin mai, su ukun in sun haɗu a fuskar lagireto sai su zama kamar an yaɓa masa laka. Fankar janareta daga ɓangaren inji take tura iska ta ratsa lagireto ta fita waje, don haka dattin yana taruwa ne ta ciki, inda ba a gani sai an leƙa da tocila. Daga waje za ka hura ko ka wanke zuwa ciki, da ruwa ko iska marar ƙarfi sosai don kada siraran ƙarafan su lanƙwashe, bayan ka lulluɓe kwayil da kayan wuta da leda. Ka taɓa fanbel da babban yatsa, in ya lotsa fiye da santimita ɗaya yana zamewa ne, fanka da famfon ruwa ba sa gudu yadda ya kamata.

Ka kuma kalli ɗakin da aka ajiye shi. Ana yawan gina wa janareta ɗaki a toshe ko'ina saboda ƙara da ɓarayi, sai iskar da ta fito da zafi ta bugi bango ta dawo ciki ya sake shaƙarta. Ya kamata tagar fitar iska ta fi fuskar lagireto girma, ta shigar iska kuwa ta kai ninki ɗaya da rabi na fuskar lagireton. Zafin ruwan inji mai lafiya yana zama tsakanin digiri 80 da 95. Kada ka yarda wani ya ce a cire tamostat ko a yanke wayar na'urar da ke kashe inji don a samu a gama gashin burodi. Wannan na'urar ita ce take tsakaninka da ƙonewar gasket da lanƙwashewar kan silinda. Murfin lagireto kuma ba a buɗe shi da zafi, ruwan a matse yake, yana iya tsartuwa ya saɓule fatar fuska da hannu. A jira sai hannu ya iya zama a kan tiyo na sama. Ruwan rijiyar burtsatse zalla yana tara ƙanzo da tsatsa a cikin hanyoyin ruwa, a yi amfani da ruwan sanyaya inji wanda aka haɗa rabi da rabi.

Filtar iska ita ce ta biyu da zan zarga. Yawancin injinan suna da 'yar alama a wuyan gidan filta wadda take komawa ja idan ta toshe. Kada a buga filta a bango, kada a wanke ta takarda da ruwa. In za a hura, daga ciki zuwa waje, da iskar da matsinta bai wuce bar 2 ba (bar shi ne ma'aunin matsi), sannan a saka fitila a ciki a duba, ko huda ɗaya aka gani an gama da ita. Ƙaramar filtar da ke can ciki ba a hura ta, sauyawa ake yi. Ƙura da ta wuce filta kai tsaye take cin ringi da silinda, kuma ba a ganin ɓarnar sai inji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi shuɗi. Farin hayaƙi da bai daina ba bayan inji ya ɗumama, ko gas ne ba ya ƙonewa, ko ruwa yana shiga silinda.

Juyen baƙin mai kuwa za ka iya yi da kanka. Littafin wasu injinan yana cewa awa 500, amma da irin ƙurarmu da gas ɗin da muke samu, ni awa 250 nake ba da shawara, ko wata shida in bai kai awannin ba. Ka tayar da shi minti goma mai ya ɗumama, ka kashe ka bi matakan tsaron nan na farko, ka zubar da tsohon mai a mazubi. Ka dube shi kafin ka kawar. In ya yi kalar shayi mai madara ruwa ya shiga, in ya tsinke yana warin gas to nozul ko famfon da ke tura masa gas yana zuba ciki, in ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe metal, wato ƙarfen da karanshaf yake juyawa a kansa, ya fara ci. Ko wanne ka gani ka tsaya ka kira makanike. Sabuwar filtar mai a shafa wa robarta ɗan mai, a tabbata tsohuwar roba ba ta maƙale a mazauni ba, a ɗaure da hannu, bayan robar ta taɓa a ƙara kusan kashi uku cikin huɗu na zagaye. Mai 15W-40 na injin gas, mai lambar CH-4 ko CI-4. Perkins mai silinda huɗu na wannan girman yana cin wajen lita 8, amma sandar awo ce alƙali, kuma cikawa ya wuce alama ɓarna ce, ba alheri ba. Filta ta jabu ta yi yawa a kasuwa, ka tafi da lambar da ke jikin ta asali, ka saya wurin wanda zai ba ka rasit.

Gas mai ruwa ko datti ya fi komai saurin kashe famfo da nozul. Kowace safiya ka kwance ɗan famfon da ke gindin filtar raba ruwa, ka bar shi ya zuba a kwalba har sai gas tsantsa ya fito, musamman da damina. In an kawo sabon gas a bar shi ya kwana a babban tanki kafin a ja, kuma bakin tiyon ja kada ya taɓa gindin tanki. Gas da aka sirka da kananzir ba shi da santsin da famfo yake buƙata, a hankali yake cinye shi. Bayan sauya filtar gas iska takan shiga layi, sai a sassauta notin fitar da iska a yi ta danna ɗan famfon hannu har kumfa ta ƙare. Kada ka matsa wa kik fiye da daƙiƙa 15 a jere, ka ba shi hutu, in ya ƙi tashi sau uku ka nemi dalili.

Bututun ƙarfe da ke tafiya daga famfo zuwa nozul kada ka taɓa su inji yana aiki. A sababbin injina matsin da ke ciki yana haura bar 1500, kuma ɗigon da ido ba ya gani yana huda fata ya shige nama. Da kwali ake neman yoyo, ba da yatsa ba. Wanda hakan ya same shi a wuce da shi asibiti nan take ko da raunin ya yi kama da cizon sauro, a kuma faɗa wa likita gas ne ya shiga da matsi. Saitin bawul, gwajin nozul, famfo, AVR da duk abin da ke cikin akwatin wayoyi, na waɗanda suka koya ne kuma suke da kayan awo. A Panteka da Kakuri akwai masu wannan aikin, ka nemi wanda zai gwada nozul a kan na'ura a gabanka.

Akwai abu biyu da ke kashe mutum ba tare da an taɓa inji ba. Hayaƙin salansa yana ɗauke da guba marar wari, dole bututun ya fita waje ya yi sama, nesa da taga da wurin da ma'aikata ko maigadi suke kwana. Na biyu, dole a sami canjin layi na gaskiya wanda ba zai taɓa barin wutar janareta da ta NEPA su haɗu ba. In babu shi, wutarka tana komawa kan layi ta bi taransifoma ta hau, ta kashe ma'aikacin da ya hau falwaya yana ganin babu wuta. Jikin janareta kuma a ɗaure shi da sandar at, wato ƙarfen da aka kafa a ƙasa don ya kwashe wutar da ta kauce. Ba a ɗura gas inji yana aiki, kuma a rataye tukunyar kashe gobara ta CO2 ko ta gari a bakin ƙofa, ba a can ƙurya ba.

Akwai wani abu da ba kasafai yake faruwa ba amma ya kamata ka sani. Idan turbo ya lalace ya fara tura baƙin mai cikin hanyar iska, inji yana iya komawa shan wannan man, gudunsa ya yi ta hawa, ka danna jan maɓalli ya ƙi mutuwa. Toshe masa iska ne kawai yake tsayar da shi, da katako mai faɗi a bakin hanyar iska ko a fesa CO2 a ciki. Tafin hannu ko tsumma ba a sa su, zuƙe su zai yi. In ba ka da abin toshewa a kusa, ka fitar da kowa ku yi nisa.

Idan ka gama sabis, ka ƙirga sifanunka da tsummokaranka, ka mayar da kariyar fanka, ka ɗaura batir, ka tayar da shi da hannu ba lodi. Matsin mai ya hau cikin 'yan daƙiƙoƙi ya zauna wajen bar 3 zuwa 5, in bai hau ba ka kashe nan take. Ka zagaya ka duba yoyo a gindin filtoci, ka kashe, ka jira minti goma ka sake auna mai. Kullum kafin kashewa a cire lodi a bar shi minti uku zuwa biyar turbo ya huce. Tsohon mai a tara shi a jarka, kada a zuba a kwata, ƙarshenta Kogin Kaduna zai gangara. Ka rubuta kwanan wata da awannin da ke kan allo a littafi, tare da zafin ruwa, matsin mai da amfiyar kowane layi. Sai ka tabbata babu kowa a ciki kuma an rufe ƙofofi kafin ka mayar da shi kan Auto.