Haɗa Hotuna Su Zama Faffaɗan Hoto Ɗaya

Tambaya: Na ɗauki hotunan Kano daga kan Dutsen Dala, amma da na haɗa su a kwamfuta sai gidaje suka karkace, hasken sama kuma ya bambanta. Ina matsalar take?

Amsa: Daga wurin ɗauka take. Manhajoji irin su Hugin, wadda kyauta ce, da Photomerge na Photoshop suna neman alamar da ta fito a hotuna biyu, kamar hasumiyar masallaci, don haka kowane hoto ya ƙunshi kusan sulusin wanda ya gabace shi. Ka tsaya wuri guda kana juya kyamarar kawai, sannan ka kulle ma'aunin haske tun farko, domin idan kyamara ta zaɓa da kanta, gidajen ɓangaren rana za su yi duhu.